Fashin Baƙi: Yaya Wanda Ya Shekara da Shekaru Yana Shan Giya Zai Daina?

Duk lokacin da Hisba ta fasa kwalaben giya a Kano, ko hukumar NAFDAC ta sake tayar da batun hana sayar da barasar leda da ta ƙananan kwalabe, wanda ta ce ta fara aiwatarwa a watan Fabrairun 2024, muhawarar ba ta wuce ta haraji da asarar 'yan kasuwa da hukuncin shari'a. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin yana sha kullum, yanzu ya gaji, yana so ya bari. Ta ina zai fara?

Amsar da ya fi ji a gida da masallaci da coci ita ce: ka ji tsoron Allah, ka ajiye ta daga yau. Masu faɗar haka alheri suke nufi, kuma ga mai kurɓa jefi-jefi shawarar ta wadatar. Amma wanda giya ta riga ta zauna masa a jiki, idan ya yanke ta rana ɗaya babu likita a kusa, yana iya rasa ransa cikin kwana uku ko huɗu. Giya tana cikin 'yan kayan mayen da barinsu farat ɗaya ke kisa. Mai shan wiwi ko kodin zai sha wuya idan ya daina, amma da wuya dainawar kaɗai ta kashe shi. Mai shan giya ba haka yake ba.

Saboda haka aiki biyu ne a gaban mai son tuba, kuma kowanne da kayan aikinsa. Na farko, ya tsallake makon farko da ransa. Na biyu, kada ya koma. Yawancin hasarar da ake yi tana zuwa ne daga haɗa su a matsayin abu ɗaya.

Wane ne giya ta kama?

Ba kowane mashayi ba ne. Akwai wanda zai yi tatil ranar biki, ya yi wata biyu bai waiwaye ta ba. Wannan yana cutar da kansa, amma jikinsa bai dogara da ita ba. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda yakan zauna da niyyar kwalba biyu ya tashi a ta bakwai, wanda ya sha rantsuwa cewa ya daina amma bai kai mako ba, wanda adadin da yake bugar da shi a da yanzu ko gezau ba ya sa shi, wanda ya ga aiki da aure da mutunci suna zubewa amma ya kasa tsayawa.

Babbar alama tana fitowa da safe. Ka gan shi a teburin mai shayi, ya ɗaga kofi hannu na rawa har shayin na zuba a riga, ga zufa a goshi alhali gari da sanyi. Sai ya tashi kamar zai kama ruwa, ya zagaya bayan shago ya tsotse leda ɗaya, ya jefa kanumfari a baki ya dawo. Bayan minti goma hannun ya tsaya cak. Duk wanda giya ce ke kwantar masa da karkarwar safiya, jikinsa ya riga ya kamu, ko da bai taɓa faɗuwa a kwata ba, ko da yana sahun gaba a masallaci.

Akwai ma'aunin da likitocin Birtaniya ke amfani da shi, wanda idan aka juya shi zuwa kayan da ake sayarwa a nan zai ba da haske. Wanda ke shan kimanin manyan kwalaben giya biyar a kullum, ko rabin babbar kwalbar barasa mai ƙarfi irin su jin da wuski, to ya kamata likita ya duba shi kafin ya daina. Wanda ya kai kwalba goma, ko cikakkiyar kwalbar mai ƙarfin, kwantar da shi ya fi. 'Yar ledar nan tana yaudara saboda ƙanƙantarta: giyar kwalba ƙarfinta wajen kashi 5 cikin ɗari ne, barasa mai zafi kuwa takan kai kashi 40. Burkutu da fito da bammi da ogogoro kuma babu wanda ya auna su, mai shan su ba ya ma iya faɗa wa likita nawa ya sha.

Ba kuma matsalar 'yan tsiraru ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 209 ne a duniya jikinsu ya dogara da giya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa tana da sinadarai masu kwantar da ita da masu zaburar da ita. Babban mai kwantarwa shi ne wanda ake kira GABA, babban mai zaburarwa kuma gulutamet. Giya tana ƙara wa na farko ƙarfi, tana danne na biyu, shi ya sa mai maye yake saki, harshensa ya yi nauyi, ya yi barci. Idan aka yi shekaru ana haka kullum, ƙwaƙwalwa sai ta gyara zamanta: ta rage jin mai kwantarwar, ta ƙara yawan mai zaburarwar, don mutum ya iya tafiya da magana duk da giyar da ke jininsa.

Kamar direba ne da birkin motarsa ya maƙale, ya saba taka totur har ƙasa don motar ta motsa. Ranar da birkin ya saki ba zato, ƙafarsa tana nan a kan totur. Abin da ke samun jiki ke nan idan giya ta yanke: zuciya ta hau bugu, jini ya hau, jiki ya ɗauki rawa, wani lokaci wutar ƙwaƙwalwa ta rikice mutum ya faɗi yana jijjiga. Ƙarfin zuciya da ƙarfin imani ba sa hana wannan, kamar yadda ba sa sauke hawan jini.

Makon farko, kwana bayan kwana

Daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe alamomi suke farawa: karkarwa, zufa, tashin zuciya da amai, ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci. Mutane da yawa a nan abin yake tsaya musu, ya yi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan ya fara lafawa kafin mako ya cika.

Wasu kuwa cikin kwana biyun farko jijjiga take kama su, irin ta mai farfaɗiya, ko da ba su taɓa yi ba a rayuwarsu. Wasu su fara gane-gane da jiye-jiye: ƙwari na bin bango, tururuwa na yawo a fata, wani na kiran sunansu a tsakar gida.

Mafi muni yana zuwa ne tsakanin kwana na biyu da na huɗu, daidai lokacin da iyali suka fara hamdala cewa ya daina. Likitoci suna kiransa diliriyom tiremens, wato gigicewa mai haɗe da karkarwa. Mutum ba ya sanin inda yake, ba ya gane matarsa, zazzaɓi ya rufe shi, zufa na tsiyaya, yana fisge-fisge yana kaɗe abin da babu shi daga jikinsa, yana neman ƙofa ya gudu. Kimanin mutum 3 zuwa 5 cikin ɗari na masu fama da janyewar giya, wato wahalar da jiki ke shiga idan an yanke ta, su ne ke kaiwa nan. Kafin a samu magungunan zamani yana kashe kaso mai yawa na waɗanda ya kama. Yanzu idan an kai asibiti da wuri, mafi yawansu suna tashi.

A ƙasar Hausa wannan hali yana da wani haɗari na daban. Idan dattijon da kowa ya sani da kamala ya wayi gari yana sambatu yana ganin macizai a ɗaki, tunanin farko aljanu ne ko sammu. Sai a kira mai ruƙiyya, a yi hayaƙi, a danne shi a tabarma, a kwana ana tofi. Matarsa ko amininsa, waɗanda su kaɗai suka san yana sha kuma suka san ya yanke kwana uku da suka wuce, kunya ta hana su buɗe baki. Babu mai hana addu'a, a yi ta a cikin mota ana hanyar asibiti. Amma wanda ya san gaskiyar lamarin ya ja likita gefe ya faɗa masa, don kalmar nan guda ita ce za ta canza maganin da za a ba shi.

Haka kuma a lura da lokutan da mutum ke yankewa ba da shiri ba: farkon watan azumi, ko azumin Kirista, ko ranar da aka tsare shi a caji ofis, ko aka kwantar da shi saboda karaya ko tiyata. Majinyacin da ya rikice a kwana na uku bayan tiyata, sau da yawa giyar da bai ambata ba ce ta taso.

Wani abin da ba a cika sani ba: duk lokacin da mutum ya yanke ya sha wuya ya koma, janyewa ta gaba takan fi ta baya tsanani. Wanda ya yi karkarwa kawai a karo na farko yana iya yin jijjiga a karo na biyar. Don haka "ai na taɓa dainawa ba abin da ya same ni" ba hujja ba ce.

Me ake yi a asibiti, kuma wa zai iya yi a gida?

Maganin ba wani abin mamaki ba ne. Ana ba da wani rukunin magungunan kwantar da ƙwaƙwalwa, irin su dayazefam, wanda aka fi sani da Valium, su tsaya a gurbin giyar, sannan a riƙa rage su a hankali cikin kwana biyar zuwa goma har ƙwaƙwalwa ta koma daidai. Wanda hantarsa ta taɓu akan zaɓa masa wani ɗan uwan maganin, irin lorazefam, wanda bai cika wahalar da hanta ba. Ana ƙara ruwa, a auna suga da gishirin jini, a duba hanta da ƙoda.

Sai bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Mashayi na shekaru ba ya cin abinci sosai, hanjinsa kuma ba ya tsotsar wannan bitamin yadda ya kamata. Ƙarancinsa yana lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa: mutum ya ruɗe, ya riƙa tangaɗi ba tare da ya sha ba, idanunsa su riƙa rawa ko ya ga abu biyu. Idan aka makara, sai ya zama ba ya riƙe sabon abu, ka gaishe shi yanzu, bayan minti biyar ya manta ka zo, kuma wannan ba kasafai yake warkewa ba. Shi ya sa ake yin allurar tayamin tare da ruwan suga ko kafinsa. Ruwan suga tsurarsa da ake rataya wa mutum a kemis "don ya samu ƙarfi" yana iya tunzura ciwon.

Ba kowa ne sai an kwantar ba. Wanda shansa bai kai maƙura ba, bai taɓa jijjiga ko gigicewa ba, ba shi da wani babban ciwo, kuma yana da mai zama da shi dare da rana, likita na iya ba shi magani ya riƙa zuwa ana duba shi. Amma wanda ya taɓa jijjiga, ko mai farfaɗiya, ko mai ciwon hanta ko zuciya ko suga, ko tsoho, ko mace mai ciki, ko mai haɗa giya da ƙwayoyi, ko wanda tunanin kashe kansa ke zo masa, gadon asibiti ne wurinsa.

Wuraren suna nan: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, da sassan kula da ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Jos. A Nijar akwai sashen a babban asibitin ƙasa na Yamai. Sunan "asibitin mahaukata" da aka laƙaba musu shi ke korar mutane, kuma ya kore su da yawa. Wanda ba zai iya taka can ba ya fara da kowane babban asibiti, likitan gama-gari ma ya san wannan aikin. Abin da ake buƙata daga majinyaci gaskiya ce tsagwaronta: me yake sha, nawa, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe, da me yake haɗawa. Likita ba ɗan Hisba ba ne, kuma aikinsa ya ɗaure shi da riƙe sirri.

Akwai masu cewa a riƙa rage shan a hankali a gida. Ga wanda yake ƙauyen da babu likita, likitoci kan ce ragewar ta fi yankewa farat ɗaya aminci kafin ya isa asibiti. Sai dai a ganina wannan gada ce ta 'yan kwanaki, ba hanya ba ce. Mutumin da ciwonsa shi ne kasa tsayawa a kwalba ta biyu, ta yaya za a ɗora masa aikin auna wa kansa? Musulmin da ke jin nauyin ci gaba da sha bayan ya yi niyyar tuba ma, asibiti ne ke raba masa gardama, don daga ranar da aka fara ba shi magani ba ya buƙatar ko ɗigo.

Wanda kuma zai sayi Valium a kemis ya yi wa kansa magani, gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi, kuma shi kansa yana kama jiki.

Ɗaki a kulle, gidan mari, da maganin da ake zubawa a abinci

Iyalin da suka gaji sukan kulle mutum a ɗaki su ce sai ta fita daga jikinsa, ko su kai shi gidan mari. Bayan abin da aka bayyana a sama, ba sai an faɗi abin da zai iya samun mutum a kwana na uku yana ɗaure da sarƙa babu mai auna jininsa ba. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, daga baya aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa tudun dafawa suka yi. Amma ko mutum ya fito da rai, ɗauri bai koya masa yadda zai wuce ƙofar mashaya ranar albashi ba.

Sai masu tallan "maganin hana shan giya, a zuba masa a abinci ba tare da ya sani ba". Idan garin ganye ne kawai, an yi asarar kuɗi, wataƙila an ƙara wa hanta nauyi. Idan kuma akwai daisalfiram a ciki, wato Antabuse, to an kunna wuta: wanda ya sha giya a kansa fuskarsa za ta yi ja, ya yi ta amai, zuciya ta rikice, jini ya faɗi, mai ciwon zuciya yana iya mutuwa. Ba a ba da wannan magani sai da sanin mai shi da yardarsa. A kuma kula da jiƙe-jiƙen maganin basir da na ƙarfin maza da ake sayarwa a kwalabe, da yawansu a barasa aka jiƙa su.

Zunubi ne ko ciwo?

Nan ne aka fi rabuwa. Wani ɓangare yana ganin kiran shaye-shaye ciwo hanya ce ta wanke mai laifi: shi ya kai kwalba bakinsa, babu wanda ya ɗura masa. Ɗaya ɓangaren yana nuni da cewa ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da shi a matsayin ciwo tun 1956, kuma binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa gado ne, shi ya sa abokai biyu za su fara tare, ɗaya ya watsar, ɗaya ya nutse.

Ni ban ga abin faɗa ba. Wanda ya yi ganganci da babur ya karye, laifinsa ne, kuma karayar gaskiya ce, sai an ɗora. Haramcin giya a Musulunci babu ja a kansa. Amma a cikin addinin ma akwai abin da masu tsangwama ke tsallakewa. Haramcin ya sauka ne daki-daki: aya ta 219 a Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 a Ma'ida suka rufe ƙofa. Nana A'isha ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne "kada ku sha giya", da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Malamai sun bayyana cewa hukunci ya riga ya cika, wannan ba lasisi ba ne ga kowa a yau, amma yana nuna an san halin ɗan Adam da abin da ya saba da shi.

Akwai kuma sahabin nan da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya, ana yi masa hukunci. Da wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu kuwa korar muka fi iyawa. Har hadisin rashin karɓar sallar kwana arba'in wasu mashaya sun mayar da shi dalilin barin salla ɗungurungum, alhali malamai sun ce sallar tana nan a wuyansa, kuma ƙofar tuba a buɗe take.

Bayan an sallame shi

Wanke jiki a asibiti mako ɗaya ne. Wanda aka sallama ya koma gida ba wani shiri, yawanci komawa yake yi, don abin da ya kai shi ga kwalba yana nan yana jiransa.

Watannin farko ba daɗi. Barci yakan yi makonni ko watanni bai daidaita ba, rai na saurin ɓaci, abinci da hira duk salam. Wannan ba alamar cewa rayuwa babu giya haka za ta dawwama ba ce, ƙwaƙwalwa ce take gyaruwa. Baƙin cikin da giya ta haifar yakan ragu cikin mako uku zuwa huɗu. Idan ya wuce haka yana nan, to akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi, wataƙila ma shi ya fara kai mutum ga sha, kuma yana da maganinsa.

Akwai magungunan rage ƙishin giya da mutane da yawa ba su san da su ba. Naltirekzon, wanda Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1994, yana rage daɗin da ake ji idan an sha, yana kuma rage kwaɗayin. Amma a nan akwai gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye: yana toshe aikin tiramadol da kodin, don haka wanda ke shan su idan ya haɗiye shi zai faɗa mummunar janyewa nan take. Sai ya yi mako guda zuwa kwana goma babu su a jikinsa. Akamfuroset yana kwantar da zaburar da ta rage a ƙwaƙwalwa, ya dace da mai matsalar hanta, amma sai an duba ƙoda. Daisalfiram yana aiki ne ga wanda ya yarda wani ya riƙa ba shi a hannu kullum yana kallo. Babu ɗayansu da yake yankan wuƙa, ba kuma a kowane kanti ake samunsu ba, amma ya kamata a tambayi likita.

Ƙishin kansa yana zuwa ne kamar guguwa, ya taso ya yi ƙarfi, idan ba a biye masa ba ya lafa cikin kamar rabin awa. Kuma yana da lokutansa: bayan magariba, ranar albashi, bayan faɗa da iyali, lokacin yunwa ko gajiya ko kaɗaici. Kowane mashayi ya san nasa. Aikin shi ne ya tsara abin da zai yi a wannan rabin awar tun kafin ta zo: wa zai kira, ina zai je, me zai ci. Ya canza hanyar dawowa daga aiki. Kuɗin wata ya shiga hannun wanda ya yarda da shi na ɗan lokaci. Majalisar da ake sha a cikinta kuwa dole a bar ta, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma babu wanda ya taɓa daina giya yana zaune a mashaya da lemo a gabansa na tsawon lokaci. Sai dai barin majalisa yana barin rami na awa huɗu ko biyar kowane dare. Idan ba a cike shi da makarantar dare, ko ƙwallo, ko sana'a, ko zama da yara ba, kwalba ce za ta cike shi.

A Amurka wani ɗan kasuwar hannun jari, Bill Wilson, da wani likita, Bob Smith, dukkansu mashaya, sun gano a 1935 a garin Akron cewa hira da wanda ya san ciwon daga ciki tana riƙe su fiye da wa'azin wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba. Daga nan ƙungiyar masu son daina giya ta Alcoholics Anonymous, wato AA, ta samo asali, inda mashaya ke haɗuwa ba tare da bayyana cikakken suna ba. Wani babban nazari da aka fitar a 2020 ya nuna tsarin yana taimakawa wajen dainawa ɗungurungum daidai da sauran hanyoyin ba da shawara, a wasu wuraren ma ya fi su. A garuruwanmu irin wannan zama bai yaɗu ba, kuma dalilin a fili yake: wa zai shiga ɗaki a Kano ko Zinder ya ce shi mashayi ne? Ana yin zaman ta intanet ga mai iya Turanci ko Faransanci. Wanda bai samu ba, ya nemi mutum ɗaya tak da zai iya kira ƙarfe biyun dare ya ce masa "ina jin zan sha", ba tare da labarin ya kai bakin kasuwa ba. Mata sun fi kowa rasa irin wannan mutum, alhali giya ta fi saurin lalata musu hanta.

Ga wanda addininsa bai haramta masa ba, tambaya takan taso: ba zan iya komawa kwalba ɗaya ranar Lahadi ba? Masana sun daɗe suna gardama a kai, kuma ragewa tana yi wa masu ƙaramar matsala aiki. Wanda ya kai ga karkarwar safiya kuwa, kwalba ɗayar ba ta cika zama ɗaya ba.

Idan ya koma fa?

Zai iya komawa. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa maganin shaye-shaye sukan zame, adadin da bai fi na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke dawowa ba. Zamewar dare ɗaya ba ta cika yin ɓarna ba kamar tunanin da ke biyo ta: tunda na karya, bari in ƙarasa. Abin yi shi ne a faɗa wa wani washegari, a koma wurin likita cikin makon, a duba me ya faru kafin kurɓar. Wanda ya koma sha kullum na makonni kuma, kada ya sake yankewa shi kaɗai.

Rabon iyali

Gori da tonon asiri a gaban yara ba su taɓa raba kowa da kwalba ba. Rufa-rufa ma haka: biya masa bashin mashaya, kiran wurin aiki a ce zazzaɓi ne, wanke amai kafin ya farka. Abin da ya fi aiki shi ne a yi magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, a faɗi abin da aka gani ba zagi, a bar shi ya ɗanɗani sakamakon abin da ya yi, a kuma nuna masa bambanci a fili ranar da ya dawo garau. A tanadi sunan asibiti da kuɗin mota tun kafin ya ce ya yarda, don yardar takan zo ne da asuba ta tafi kafin azahar. Idan kuwa akwai duka, tsira da rai da yara shi ne farko, maganinsa ya biyo baya.

Abin da jiki ke iya maidowa

Kitsen da giya ke tarawa a hanta yakan narke cikin makonni bayan an daina. Jini yakan sauka, ciwon ciki ya lafa, ƙiba ta dawo ga wanda ya rame, tunani ya riƙa washewa wata bayan wata. Hantar da ta riga ta ƙeƙashe ta yi tabo ba ta komawa yadda take, amma dainawa tana tsayar da lalacewar, tana kuma ƙara shekaru ko a wannan matakin. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, aman jini ko baƙin bayan gida, duk alamun a tafi asibiti ne a ranar. Tunda kuma ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, kuma haɗuwarsa da giya tana gaggauta ƙeƙashewar hanta da ciwon daji, duk wanda ya je wanke jiki ya nemi a yi masa gwajinsa a wannan zuwan, a gwada matarsa ma.